Tsakanin La'asar da Lisha: Yadda Na Shiga Zaman Masu Barin Giya a Katsina

A daren ɗaya ga watan azumi na shekarar 2021, wanda ya faɗo a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke hana mutum barci ko da a tsakar gida ya shimfiɗa tabarma, na ɗauko kwalbar da nake ɓoyewa a ƙarƙashin safayar motata, na tuttular da abin da ya rage a cikinta a bayan gida, na yi alwala, na ƙudura a zuciyata cewa ni da giya har abada. Shekara 15 ke nan ina sha. Na fara ne a 2006 a wurin bautar ƙasa a kudu, na dawo da ita gida a ɓoye, na yi aure da ita, na haifi 'ya'ya huɗu da ita, kuma a duk azumin da ya gabata nakan daure da rana ne kawai, in an sauko daga tarawi in nemi lungu. Wannan karon ne na yanke ta baki ɗaya, ni kaɗai, ba tare da na shawarci kowa ba.

Kafin a kira assalatu hannuwana sun fara rawa, har ruwan sahur ya riƙa zuba a rigata. Da rana sai gumi da amai da bugun zuciya, na ce wa mutane zazzaɓin cizon sauro ne. A dare na uku kuwa na fara ganin kunamu suna gangarowa daga rufin ɗaki, ina jin ana kiran sunana daga cikin bango, ina ihu ina kakkaɓe jikina. 'Yan'uwa suka taru, aka ce iska ce, aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka turara hayaƙi. Uwargidata, wadda ita kaɗai ta san gaskiya kuma ta shekara goma tana rufa mini asiri, ta ja yayana gefe a bakin zaure ta ce masa, "Yaya, ba iska ba ce. Ƙanenka giya yake sha, yau kwana uku ke nan da ya daina." Bai ce mata uffan ba, ya ɗauko mota ya kai ni asibiti.

Kwana tara na yi a kwance. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi ta ba ni allurar bitamin B1, wanda giya ke ƙarar da shi a jiki har rashinsa ya taɓa ƙwaƙwalwa, aka ba ni diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi, ana rage yawansa kullum har jikina ya lafa. Likitan ya bayyana wa yayana cewa ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru giya na danne ta takan yi tsalle idan aka janye nauyin farat ɗaya, shi ya sa rawar jiki ke farawa cikin sa'o'i kaɗan, farfaɗiya na iya biyo baya a kwana ɗaya ko biyu na farko, sannan ruɗewar da na shiga takan zo a kwana na biyu zuwa na uku, kuma tana kashe mutum idan ba a kai shi asibiti ba. Ina roƙon duk wanda ya san jikinsa ya saba da sha kullum da kada ya yi abin da na yi. Niyyar tuba abu ce mai kyau, amma ya fara da ganin likita. Kafin a sallame ni wani ma'aikacin jinya ya zauna a bakin gadona da takarda mai tambayoyi 10 wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, makin ƙarshe a cikinta 40 ne, ni kuma na ci 31, shi ne karo na farko da na amsa wa wani mahaluki tambaya a kan giya ban yi ƙarya ba.

Da na koma gida, kawunmu ya kawo shawarar a kai ni gidan mari in yi wata shida. Yayana ya tuna masa da abin da duniya ta gani a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga irin waɗannan gidaje a Daura da cikin Katsina suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a gadon baya, ya ce ba zai miƙa ɗan'uwansa ga wannan ba. Ina gode masa har gobe. Sai dai tambayar Kawu tana nan ba a amsa ba: to, in ba can ba, ina? A ranar da na koma ganin likita ya faɗa mini maganar da ban manta ba. Ya ce, "Yallaɓai, mun fitar da ita daga jininka, amma ƙarfe biyar na yamma ba mu da allurarta." Ya gane ni sarai. Tsakanin La'asar da Lisha nake sha, in na tashi daga ofis kafin in shiga gida, kuma duk abokan da nake da su na wannan lokacin ne. Tun da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 giya ta bar bakin titi ta koma bayan fage, ta shiga 'yan ledoji da gorunan lemo, mashaya kuma suka zama ƙungiyar asiri, kowa na riƙe da sirrin kowa. Mutum in ya bar ta, ya bar majalisarsa ke nan gaba ɗaya, kuma ba shi da wanda zai gaya wa dalili.

Wancan ma'aikacin jinya ne ya rubuta mini ranaku da wurin da masu barin giya ke zama a bayan takardar magani: Alhamis da Lahadi, bayan La'asar, wani ɗaki a bayan shagon ɗinki can wajen Ƙofar Ƙaura. Na yi mako biyu takardar na aljihuna. Ranar da na je, na ajiye motata nesa na hau ɗan acaɓa, da na sauka kuma na wuce ƙofar har sau biyu kamar mai neman wani gida. Da na yi sallama na shiga, mutum na farko da muka haɗa ido da shi dattijo ne wanda muke sahu ɗaya a masallacin Juma'a, wanda ya san mahaifina, ya kuma halarci ɗaurin aurena. Ƙafafuna suka yi sanyi. Ya matsa a kan tabarma ya ce, "Zauna, ɗana. Abin da ya kawo ka shi ya kawo ni."

Mu takwas ne a ranar. Akwai malamin makaranta, akwai tela mai ɗakin, akwai ɗan kasuwa mai kai kaya Jibiya, da saurayi ɗan jami'a wanda ya haɗa giya da kodin. Ma'aikacin jinyar ya ba ni tarihin abin a taƙaice. A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson da wani likitan fiɗa mai suna Bob Smith, dukansu giya ta ci ƙarfinsu, suka gano cewa idan mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, sha'awar takan lafa. Daga nan ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous), wato ta mashaya masu taimakon juna su bar giya ba tare da bayyana sunansu ba, ta samo asali, ta fitar da matakanta 12 a rubuce a 1939, yau kuma tana cikin ƙasashe kusan 180 da mabiya wajen miliyan 2, ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta sunan kowa. A can mutum kan faɗi sunansa na yanka kawai ya ɓoye na mahaifinsa, shi ke nan ya ɓace a cikin jama'a. Wannan dabara ba ta da amfani a Katsina, inda tun kafin ka buɗe baki an san ɗan wane ne kai, jikan wane, kuma wace unguwa aka kai lefenka. Saboda haka abin da ya tsaya mana a madadin ɓoye suna shi ne amana. Kowa na ajiye wayarsa a cikin faranti a bakin ƙofa, sabon zuwa yana ɗaukar alkawari a gaban kowa cewa abin da ya ji a ɗakin a ɗakin zai bar shi, ba a fita a tare, in kuma an haɗu a kasuwa ko wurin jana'iza, gaisuwar da aka saba ita za a yi, ba ƙari. Tsoron da ke bayan waɗannan ƙa'idoji na gaske ne, domin haddin shan giya a mazhabarmu ta Malikiyya bulala 80 ne, kuma abin da ya fi bulalar ciwo shi ne a fasa auren 'yarka saboda kai.

Zaman kansa ba shi da wani ado. A buɗe da Fatiha, kowa ya faɗi kwana nawa ya yi bai sha ba, sannan ya faɗi yadda makonsa ya kasance, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. Na sha wa'azi a kan giya tun ina yaro, na san ayoyin, na san hukuncin, kuma ban taɓa shakkar haramcinta ba ko a ranar da na fi kowa buguwa. Abin da ban taɓa ji ba shi ne wani magidanci ya ce shi ma yakan tauna kanumfari kafin ya shiga gida, shi ma yakan tsaya a ƙarshen sahu don kada na kusa ya ji wari.

Mun yi doguwar muhawara a kan abu guda, kuma ina ganin ta cancanci a faɗe ta. A tsarin Amurka mutum kan buɗe maganarsa da cewa shi mashayi ne, ko da ya shekara 20 bai sha ba. Malamin makarantar nan, wanda ya fi mu karatun addini, ya ce zuciyarsa ba ta natsu da wannan ba, domin hadisi ya tabbata cewa ana yafe wa al'umma duka ban da masu bayyana saɓonsu, waɗanda Allah Ya rufa wa asiri da dare su wayi gari suna tonawa. Ya kuma ce wanda ya tuba bai kamata ya ci gaba da kiran kansa da sunan zunubin da ya bari ba. Dattijon nan ya amsa masa da cewa mai bayyana saɓo don alfahari daban, majinyacin da ke nuna wa mai magani inda ke masa ciwo daban. Muka yi mako uku a kai. Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa mutum zai ce, "An jarrabe ni da giya, yau kwana kaza Allah Ya tsare ni," kuma ba a ba da labarin daɗin sha ko sunan wurin da ake sayarwa. Malamin ne kuma daga baya ya kawo mana hadisin da ke cikin Bukhari na mutumin da ake wa laƙabi da Himar, wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda giya, har wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ranar da ya karanta shi, tela ya juya fuskarsa bango ya yi kuka. Ya kuma tuna mana cewa haramcin ya sauka ne daki-daki, daga aya ta 219 ta Baƙara, zuwa ta 43 ta Nisa'i, zuwa ta 90 ta Ma'ida, ya ce hukunci ya riga ya cika ba mai sassauta shi, amma Wanda Ya halicci mutum Ya san nauyin sabo a kansa.

Kowane sabon zuwa akan haɗa shi da wanda ya riga shi nisa, muna ce masa abokin riƙo. Nawa shi ne dattijon, tsohon direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana Legas da Maraɗi, muna kiransa Baba Direba. Bai taɓa yi mini dogon bayani ba. Sharaɗinsa guda ne, wato ƙarfe biyar ta same ni a wurinsa ko a waya da shi. Wata uku cur ina tashi daga ofis in wuce gonarsa da ke kan hanyar Daura, in taya shi ba tumaki dusa, mu yi Magariba tare, in kama hanyar gida. In na ce masa ina tsoron ba zan iya shekara ba, sai ya ce, "Wa ya tambaye ka shekara? Ka kai Lisha tukuna." Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma na ga gaskiyar wannan ta fuska biyu, domin kamar yadda majalisa ta koya mini sha, haka wata majalisar ta riƙa cinye sa'o'in da nake sha a cikinsu har suka zama na wani abu dabam.

Mataki mafi nauyi a gare ni shi ne na mayar da haƙƙi. A cikin matakan nan 12, na takwas da na tara suna neman mutum ya rubuta sunayen duk waɗanda ya cutar, sannan ya je ya gyara abin da zai gyaru, wannan kuwa mun riga mun san shi a cikin sharuɗɗan tuba, cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an mayar ko an yafe. Takardata ta cika shafi biyu. Akwai mai shagon da na ci bashinsa na riƙa sauya hanya, akwai masinjan ofis da na ɗora wa laifin kuɗin da ni na taɓa, akwai babban ɗana da na mara a gaban abokansa ba da wani dalili ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin wata biyar. Masinjan ya yafe tun ban gama magana ba, wanda hakan ya fi mini zafi a kan a ce ya zage ni. Uwargida na bari a ƙarshe. A 2017 na ɗauki sarƙarta da 'yan kunne na zinariya, gadon mahaifiyarta, na sayar, na bar ta tana zargin yarinyar da ke taya ta aiki har aka sallame ta. Da na faɗa mata, ta daɗe ba ta ɗago kai ba, sannan ta ce, "Malam, na sani tun ranar. Zinariya na yafe. Yarinyar nan fa, ita za ka nema." Sai da na yi tafiya har ƙauyensu a wajen Mashi na same ta da aure da goyo, na faɗi gaskiya a gaban mahaifinta, na biya ta abin da na iya.

A wata na bakwai na faɗi. An tura ni taron bita na kwana huɗu a wani gari, ɗakin otal ni kaɗai, ƙarfe biyar ta yi, ban kira Baba Direba ba. Kwana uku na yi ina sha. Da na dawo na ƙi zuwa zama biyu, sai ga shi da kansa a ƙofar gidana bayan sallar Asuba. Ranar Alhamis na zauna a gaban mutanen da na saba gaya wa kwana ɗari biyu da wani abu, na ce kwana biyar. Ba wanda ya yi tsaki. Aka tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara da kuma wa zan kira in an sake tura ni. Na koma wurin likita, ya duba hantata, ya rubuta mini naltrexone, maganin da ke rage sha'awar giya, wanda sai daga Kano aka samo mini shi, na sha na wata shida.

Bayan wannan faɗuwa ne na shiga karatu a intanet, domin ina so in san ko abin da na dogara da shi yana da tushe. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta ce a 2006 babu gamsasshiyar hujja cewa AA ta fi sauran hanyoyi. A 2020 John Kelly na jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Stanford da Marica Ferri suka sake duba lamarin, suka tattara bincike 27 da ya ƙunshi mutum 10,565, suka samu cewa a cikin waɗanda masu jinya suka shigar cikin tsarin AA bisa tsari, kimanin 42 cikin 100 sun kai shekara ba su sha ba, alhali a cikin waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin ba da shawara 35 ne. Na daɗe ina kallon wannan adadi. Ya nuna zaman yana aiki, ya kuma nuna fiye da rabi sukan sake taɓawa kafin shekara, kamar yadda na yi. Mafi yawan binciken a Amurka aka yi shi, kuma abin da masu binciken suka fi jingina nasarar da shi shi ne sauya abokan zama, wato dai tumakin Baba Direba.

Na kuma ga cewa kowace ƙasa ta tanƙwara abin ya dace da ita, wanda ya kwantar mini da hankali a kan sauye-sauyen da muka yi. A Japan ƙungiyoyin Danshukai ba su ɓoye suna, kuma matan aure kan zo zaman tare da mazajensu. A Zagreb likita Vladimir Hudolin ya kafa kulob na iyalai a 1964, inda gida gaba ɗaya ke zuwa, tsarin ya bazu a Italiya daga 1979. Musulmin Baltimore a Amurka sun kafa Millati Islami a 1989, suka sake rubuta matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. A Iran zaman masu barin ƙwaya ya yaɗu ƙwarai. Waɗanda ba su son a haɗa da ambaton Ubangiji kuma suna da SMART Recovery tun 1994. Amma a Meziko, inda AA ke da ƙarfi sosai, an samu gidajen kulle da ke fakewa da sunan matakan suna tsare mutane da duka, abin da ya tuna mini da gidajen marinmu. A ganina duk inda aka sa kwaɗo a ƙofa, abin ya tashi daga taimakon juna.

Ba zan ɓoye waɗanda zaman bai riƙe ba. A cikin mu takwas na ranar farko, ɗan kasuwar ya daina zuwa bayan wata biyu, muna haɗuwa mu gaisa kamar yadda aka yi alkawari, idanunsa kuma suna gaya mini halin da yake ciki. Tela mai ɗakin ya shekara biyu bai sha ba, amma hantarsa ta riga ta lalace tun kafin ya daina, cikinsa ya kumbura, muka yi masa sutura a damina ta 2023, mutane suna cewa sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, kuma duk lokacin da na ga wannan adadi fuskarsa nake gani. Ɗan jami'ar ya kammala karatu, yanzu shi ne abokin riƙon wasu samari biyu. Bayan rasuwar tela muka koma gonar Baba Direba da zama.

Giɓin da ya fi damuna shi ne na mata. A Amurka matar Bill Wilson, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa Al-Anon a 1951 domin iyalan mashaya, mu kuwa matanmu sun ɗauki shekaru suna wanke amai da asuba suna ƙirƙiro uzuri ga dangi, ba su da ɗakin da za su faɗi haka. Macen da ita kanta take sha kuwa ba ta da ko ƙofar da za ta wuce sau biyu. A watan Sha'aban da ya wuce wata mata ta kira ni, ma'aikacin jinyar ne ya ba ta lambata, ta ce tana tambaya ne saboda ƙanwarta, amma ba ta yi minti biyu ba ta fara cewa "ni". Na gaya mata ta fara zuwa asibiti kafin ta yanke, kada ta jira ɗaya ga azumi ta yi irin tawa, na kuma gaya mata gaskiya cewa zamanmu na maza ne. Uwargida na zaune kusa tana tsince shinkafa, ta ji komai. Ta goge hannunta a zane ta ce, "Malam, ba ni wayar." Tun daga ranar, in an idar da La'asar, takan shiga ɗaki ta turo ƙofa su yi magana, wani lokaci minti biyar, wani lokaci har a kira Magariba, ni kuma in ɗauki makullin mota in nufi hanyar Daura.